Igiyar da Ban Ɗaura Ba

Kwanakin baya na ratsa wani gareji a hanyar Sandamu, ba don gyara ba, ni da ko keke ba ni da shi yanzu, sai don inuwar da ƙafafuna suka nema. Na tarar da wani bakanike a tsugune, ya sa sifirin ɗin mota tsakanin cinyoyinsa, ya maƙala masa wasu ƙarafa biyu masu ƙugiya, yana murza noti da hannu ɗaya, ɗaya hannun kuma riƙe da waya a kunne yana ta dariya. Fuskarsa tana daidai bakin abin, kamar mai leƙa rijiya. Ban san lokacin da na daka masa tsawa ba. Na ce, "Kai, ɗauke fuskarka daga nan, don ubanka!" Saura kaɗan wayar ta suɓuce masa. Da ya ɗago ya ga tsoho ne da sanda, sai ya yi murmushi ya ce, "Baba, ai wannan na'ura ce, ba irin aikinku na da ba ne." Abokan aikinsa suka tuntsire da dariya. Ban ga laifinsu ba. Na nemi wuri na zauna na ɗan huta, sannan na kama hanyar gida.

Namu garejin a bakin gari yake, ƙarƙashin wata tsamiya, wurin da yanzu aka jera shaguna masu ƙofar gilashi. Ba katanga, ba rumfar kwano, sai tsamiyar da ƙasar da ta sha baƙin mai har ta yi ƙyalli. Tun kafin hantsi za ka ji guduma tana amsa guduma, rediyon mai shayin da ke gefenmu yana ta surutu ba mai saurare, tumakin fatake a ɗaure jikin motoci suna kuka, direbobi suna zagin hanya suna zagin juna. Hanyoyin ƙauye a lokacin gargada ce zalla. Mota ta ɗauki mutane har kan cinyar juna, ga buhuna a sama, ga awaki a but, ta je Dutsi ta dawo, to me zai hana shoka mutuwa? Shi ya sa aikin ƙafar gaba bai taɓa yanke mana ba. Yanzu an ce bakanike jona wata 'yar na'ura yake yi a mota ta gaya masa inda ke mata ciwo. Mu kunne muke sawa, ko mu danna gaban motar da ƙirji mu saki, idan ta yi ta rawa kamar tsohon gadon ƙarfe mun san inda aikin yake.

Maigidanmu, wanda kowa ke kira Baba, ɗan maƙera ne da ya bar zugazugi ya koma mota. Gajere ne, wuyansa kamar turmi, kuma duka yake fara yi sannan bayani ya biyo baya. Akwai wani tsohon fambel, bel ɗin roba na injin mota, a rataye jikin reshen tsamiyar, babu wanda ya koyi aiki a hannunsa bai san ɗanɗanonsa ba, har mu da muka girma muka ajiye iyali ba mu wuce mari ba idan muka yi wauta. Yakan ce, "Ƙarfe bai san ko kai ɗan wane ba ne." Idan guduma ta sami yatsanka ka kurma ihu, sai ya ce ka yi wa gudumar sannu, ita ta sha wahala. Yau kuwa ka ɗaga wa mai koyon aiki murya, gobe ubansa ya zo maka da magana. Ban ce duka alheri ne ba, na sha shi na san zafinsa. Amma akwai abu ɗaya da Baba bai taɓa wasa da shi ba ko da fatar baki, shi ne sifirin.

Ga wanda bai sani ba, sifirin shi ne murɗaɗɗen ƙarfen nan da ke zagaye da shoka a ƙafar gaba, shi ke ɗauke da nauyin mota. A matse yake zaune, noti ɗaya ne a sama ke riƙe da shi. Idan shoka ta mutu dole ka kwance wannan notin, kuma idan ka kwance shi ba ka ɗaure sifirin ba, duk ƙarfin da ke ɗauke da mota zai fito lokaci guda ya nemi abin da ke gabansa. Mu da ba mu da na'ura, motar da kanta muke sawa ta matse mana shi. Sai a bar ta a kan tayarta, ƙarti uku ko huɗu su hau gabanta su zauna har ta durƙusa, zobban sifirin su haɗe. Mai ɗauri ya zura hannu ta bayan taya da ƙiri, igiyar nan ta fatar sa da ake murɗawa tun tana ɗanya a bar ta ta bushe, ya kama zoben sama da na ƙasa ya ƙulle, ya cusa guntun ƙarfe ya murɗa har igiyar ta fara ƙara. Wuri uku ake ɗaurewa, a raba su daidai. Sannan ƙarti su sauka, a sa jak a ɗaga, a ciro shokar da sifirinta a haɗe. Baba yakan ce, "Kun taɓa ganin tukunya a kan murhu mai dutse biyu?" Domin igiya biyu zamewa suke yi su haɗu gefe guda, sifirin ya lanƙwashe ya ƙwace. Kuma dole ƙirin ya zama busasshe, jiƙaƙƙiyar fata miƙewa take yi, ƙullinta ba ya zama. Idan an gama ɗauri uku, sai a kwantar da abin a cikin wata tsohuwar taya da ke gindin tsamiya. Wannan ita ce alamarmu a garejin. Duk abin da ka gani kwance a cikin tayar nan an gama ɗaure shi, kana iya sa masa sifana.

Mu biyu ne manya a hannun Baba, ni da Ilu. Ilu ɗan mahauta ne, a wurin yayyensa ma muke samun fatar da muke murɗa ƙiri. Dogo ne mai sanyin magana, irin mutanen da ko ka sa musu yatsa a baki ba za su ciza ba. Ni kuwa ina ji da ƙarfi a lokacin, ina ji da hannu, kuma zuciyata a kusa take. Na taɓa fasa wa wani kwandasta baki a kan sifana, na taɓa bin wani da ƙarfen jak har cikin tasha, sai da aka rirriƙe ni. Amma wajen ɗauri ba wanda ya kama ƙafata, Baba da kansa ya sallama mini wannan. Ilu yakan ce, "Ɗaurinka ko aljani ba ya kwance shi." Ina jin daɗin maganar, kaina ya yi ta kumbura.

Ana nan sai aka kawo Shari'a. Wanda bai ga wannan lokaci ba ba zai gane irin murnar da muka yi ba. Mutane suka yi ta kabbara a titi, gidajen giya na bayan gari suka rufe, 'yan caca suka watse daga gindin bishiyoyi, kowa ya sa rai zalunci ya zo ƙarshe, mai shi da marar shi za su durƙusa a gaban alƙali a tabarma ɗaya. Ni ina sahun gaba wajen ihu. Na tsayar da gemu, na ɗage wando, na shiga yi wa direbobi wa'azi, ni da ko izu biyar ban haɗa ba. Sai da na tsufa na gane ba gyaran kaina nake ɗoki ba. Shari'a nake so a gadon bayan wani, ni kuma ina tsaye ina kallo.

Ranar da abin ya faru damina ce, an kwana ana ruwa, gari ya waye da laka. Wani direba mutumin Dutsi, Malam Tukur, ya kawo motarsa, shokar dama ta fashe tana zubar da mai. Ya girme mu, mutum ne mai kawaici, fatake yake ɗauka zuwa kasuwanni, kuma ranar suna can tasha da dabbobinsu suna jiransa. Baba ya tafi jana'iza Sandamu ya bar mana wurin. Na sa ƙarti suka hau mota, na zura hannu na ɗaura igiya ta farko, na ɗaura ta biyu. Da na laluba neman ta uku sai na tarar a ƙasa ta kwana, ruwa ya jiƙa ta sharkaf, ta yi laushi kamar hanji. Akwai busasshiya a gidan su Ilu, ba nisa, da na aika da an kawo. Ina cikin wannan sai ga mai shayi yana haki, ya ce an kama wani da giya, yanzu-yanzu za a yi masa bulala a ƙofar kotu, gari duk ya tafi. Ba a taɓa yi a kan idonmu ba. Ƙartin da ke kan mota suka fara zamewa suna cewa in yi sauri. Na ja igiyoyin nan biyu na ji sun yi tauri, na ce a raina ɗaurina biyu ya fi ukun wani. Muka ɗaga mota, na ciro abin, na duba ko'ina laka, na rasa inda zan ajiye shi. Sai na kwantar da shi a cikin tayar.

Malam Tukur ya ce, "Haba malam, fasinja na jirana fa."

Na ce, "Su jira. Shari'a ta fi tumaki."

Ilu yana ƙarƙashin wata motar, ƙafafunsa kawai ake gani. Na shure shi na ce, "Taso mu je, yau za a ga aiki."

Ya ce, "Je ka ka dawo. Ni ba na son kallon mutum ranar kunyarsa."

Na ce, "To zauna, matsoraci." Na tafi a guje. Shekaru na yi ina lalube a cikin kaina ko akwai inda na ce masa kada ya taɓa abin da ke cikin taya. Babu. Ban faɗa ba.

Ƙofar kotu ta cika maƙil, wasu a kan katanga, wasu a kan bishiya. Na kutsa da gwiwar hannu har na isa gaba. Aka fito da mutumin, wani ramamme ne da na sani yana ɗinkin takalma a bakin kasuwa, aka kwantar da shi rub da ciki a kan benci. Mai bulalar bai ɗaga hammata ba, yadda aka ce haka doka take, amma dorina dorina ce. Kowace ta sauka jama'a su ƙirga da ƙarfi, ni na fi kowa buɗe maƙogwaro. Kafin a yi nisa mutumin ya daina ihu sai nishi, fitsari ya biyo ƙafar bencin. Na yi dariya. Wallahi na yi dariya, har na ce wa na kusa da ni hannun mai dukan ya yi sanyi, da ma ni aka ba. Na juyo gareji jinina yana tafasa, ina jin da ma a samu wani mai laifin.

Tun daga nesa na hangi cincirindo a gindin tsamiya. Yadda aka yi, daga baya na ji. Fatake sun aiko har sau biyu, Malam Tukur ya roƙi Ilu ya taimaka ya ƙarasa masa. Ilu ya ga abu kwance a cikin taya, ya kuma san wanda ya ɗaura, bai tsaya ƙirga igiya ba. Ya jawo shi waje, ya ce Malam Tukur ya taka masa gindin shokar, shi kuma ya sunkuya ya sa sifana. Noti na barin wurinsa igiyoyin suka zame. Waɗanda ke kusa sun ce ƙarar kamar an harba bindiga. Farantin ƙarfen da ke saman sifirin ya sami Ilu a fuska, shi kuma sifirin ya wuce ya kankare ɓawon tsamiyar sama da tsayin mutum.

Na tarar da shi kwance a cikin laka, gefen fuskarsa na hagu a buɗe, haƙora a warwatse, inda ido yake babu komai sai jini yana ɓulɓula, ƙafafunsa suna shure-shure irin na ragon layya. Malam Tukur yana durƙushe a kansa, ya toshe wurin da hularsa, jini har gwiwar hannu, yana ta salati. Na dubi igiya biyu a yashe, na dubi tayar, a take na san komai. Wani irin tsoro ya kama ni wanda ban taɓa jin irinsa ba. Daidai nan yayyen Ilu suka iso daga mahauta, su uku, wuƙaƙensu a ƙugu, babban yana ihu, "Wa ya kashe mana ɗan'uwa? Wane ne?"

Ni na nuna shi. Na ce, "Ga shi nan! Na ce ban gama ɗauri ba kada a taɓa, shi ya ɗauki sifana don yana sauri!" Kuma don kada wani ya tsaya tambaya, ni na fara kai hannu. Na sunkuci ƙarfen kwance taya na sauke masa. Ya cire hannun dama daga fuskar Ilu ya kare kansa, na ji ƙashi ya ba da ƙara. Ya dafa ƙasa, na ƙara masa a kan yatsun, na sake ƙarawa. Mutanen da suka dawo daga kallon bulala da sauran zafinsu suka rufe shi da duka, mai takalmi, mai itace, mai dutse. Aka farfasa gilasan motarsa, mahauta suka yayyanka tayoyin. Yana ta cewa, "Ku tsaya ku ji, don Allah ku tsaya ku ji," har ya daina cewa komai. Wani malami da ke da makaranta kusa da mu ne ya faɗa kansa ya lulluɓe shi da babbar riga, yana cewa duk mai neman ran Malam Tukur ya fara da nasa. Ba don shi ba da a nan za a gama da Malam Tukur. Aka kwashi Ilu zuwa asibiti, aka kwashi direban shi ma, amma shi da ɗan sanda a bakin gadonsa.

Kwana uku Ilu bai san inda yake ba. Kwana uku gari yana zagin direban Dutsi da ya makantar da ɗan mutane saboda gaggawa. Yayyen Ilu suka rantse ƙisasi za su nema, ido da ido, tunda yanzu akwai Shari'a. Ni kuwa sannu ake ta yi mini, ana cewa haka ake son aboki. Babban yayan ya aiko gidana da cinyar rago, godiya ce wai don na rama wa ƙanensa. Matata ta dafa, na ci. Ba zan yi wa kaina ado ba, na ci, har na suɗe hannu, ina kuma addu'a a ɓoye abin da harshena ba zai iya maimaitawa ba game da farfaɗowar Ilu.

Rana ta uku da hantsi Baba ya kira ni gindin tsamiya, ba kowa sai mu biyu. Ya ce, "A ina ka ce ka ajiye sifirin nan?"

Na ce, "A ƙasa, Baba, can gefe."

Ya cafki ƙeyata ya danna kaina cikin tayar nan har hancina ya taɓa roba. Ya ce, "Shinshina. Man mene ne wannan?"

Man shoka ne, ya taru a cikin tayar, ruwan sama bai wanke shi ba.

Ya ce, "Direba ya san abin da taya ke nufi a wurin nan? Ko Ilu ne zai ɗauki ɗauri biyu ya sa a ciki?" Ya sake ni. Na dubi reshen da fambel ke rataye, wallahi so nake ya ciro shi ya farfasa mini jiki. Ya ga inda nake kallo, ya ce, "Wancan na 'ya'yana ne. Gobe za a kai bawan Allah nan gaban alƙali. Ko ka faɗa da bakinka, ko in ɗauki tayar nan a kaina in kai kotu." Saboda haka kada wanda ya ji labarin nan ya ce tsoron Allah ne ya buɗe mini baki. Tsoron Baba ne.

Washegari aka kawo su duka biyu. Ilu ya farfaɗo, kansa a naɗe, an ɗaure masa haɓa ba ya iya magana. Malam Tukur an rataye masa hannu a wuya, yatsun da suka leƙo sun kumbura sun yi baƙi. Na miƙe na faɗi komai, tun daga jiƙaƙƙiyar igiya har cinyar rago. Babban yayan Ilu ya yi kukan kura ya tsallake mutane ya sa mini kai a baki, haƙorina na gaba a nan ya tafi, sai da mutum huɗu suka ɓamɓare shi. Da wuri ya lafa, alƙali, wani dattijo mai magana a hankali, ya ce idon Ilu kuskure ne da sakaci, babu ƙisasi a cikinsa. Ya tambayi Ilu abin da yake nema a kaina. Ilu ya dube ni da idon da ya rage, ya daɗe, sannan ya buɗe tafin hannunsa ya kaɗa. Alƙali ya ce, "Ka yafe?" Ya gyaɗa kai. Na fashe da kuka kamar ba ni ba.

Sai alƙali ya juya ga Malam Tukur. Ya ce hannunsa kuma da gangan aka yi, haƙƙinsa ne, ya zaɓa, ko ramuwa, ko diyya, ko yafiya.

Malam Tukur ya ce, "Allah gafarta Malam, idan aka karya nasa, nawa zai tashi? Ba na son hannunsa. Abin hannunsa ma ba na so."

Na ji sanyi ya ratsa ni, na ɗauka yafiya ce ke tafe.

Sai ya ci gaba ya ce, "Kuma ban yafe ba. Da zafin zuciya ne, da na yafe tun a asibiti, kowa na iya yi. Amma lokacin da ya ɗaga ƙarfen nan ya san ba ni ba ne. Na ga idonsa. Na bar shi da Allah, can za mu yi tamu shari'ar."

Alƙali ya yi masa nasiha, ya kawo masa falalar mai yafiya, malamin da ya cece shi ma ya sa baki. Ya saurare su da ladabi har suka gama, ya ce ya ji, ya gode, amma yana nan a kan bakansa. Alƙali ya sa aka yi mini bulalar ladabtarwa saboda ƙagen da na yi. Na kwanta ina fatan Malam Tukur ya tsaya ya gani ko zuciyarsa ta yi sanyi. Kafin ta farko ta sauka ya riga ya fita, 'yan'uwansa suna riƙe da shi.

Baba bai sake barina na taɓa sifana a gindin tsamiyarsa ba. Na koma facin taya a wani gefen gari, a nan ƙarfina ya ƙare. Ilu ya warke da ido ɗaya da karkataccen baki, ya koma sana'ar gidansu, har ya bar duniya kuma idan muka haɗu shi ke fara yi mini sallama. Hannun Malam Tukur kuwa bai tashi ba. Yatsun suka naɗe suka bushe, bai ƙara riƙe sitiyari ba, ya koma Dutsi ya kafa teburin goro a ƙofar gida.

Yanzu idan azumi ya gabato sai ka ga mutane suna tura saƙo ɗaya ta waya ga duk wanda suka sani, wai duk wanda na ɓata wa ya yafe mini, su kuma ajiye wayar su ci gaba da hirarsu. Ni da ƙafata nake zuwa. Kowace shekara kafin a ga wata sai na hau mota na tafi Dutsi. Bai taɓa kora ta ba. Zai sa a shimfiɗa mini tabarma, ya miƙo mini hannun hagu mu gaisa, ya tambayi iyali, ya tambayi damina. Idan na kawo maganar da ta kawo ni sai ya ce, "Ka gaida gida." Na tura masa malamai, na tura dattawan garinsu, duk amsar ɗaya ce. Wata shekara na tarar ana suna a gidansa, aka haɗa mu akushi ɗaya da wani baƙo da bai san komai ba. Baƙon ya ga Malam Tukur ya sa hagu a tuwo, ya ce, "Subhanallahi, malam, da girmanka? Ba ka san wanda ke ci da hagu ba?" Malam Tukur ya zaro hannun daman daga cikin riga ya ɗora a kan gwiwarsa, ya ci gaba da cin abincinsa. Bai ko dubi inda nake ba. Ni lomar da ke bakina ban san yadda ta wuce ba.

Daminar da ta wuce aka aiko mini ya rasu. Na samu sallar jana'izar. Da aka ajiye shi, liman ya juyo ya ce jama'a a yafe masa abin da ke tsakani, sahu duk ya amsa, "Mun yafe, Allah ya yafe mana." Na buɗe baki tare da su, sai na ga ni ba ni da abin da zan yafe masa, wanda nake jiran kalmar daga bakinsa kuma ga shi nan a naɗe cikin likkafani. Bayan an dawo daga maƙabarta na jira mutane suka ragu, na matsa kusa da babban ɗansa, wanda ya san ni ya kuma san abin da ke kawo ni.

Na ce, "Ɗana, bai bar wata magana a kaina ba?"

Ya sunkuyar da kai ya ce, "Ya bari, Baba. Ya ce ya san za ka zo. Ya ce idan ka zo a ba ka ruwa ka sha, hanya da nisa."

Na ce, "Sai me?"

Ya ce, "Shi ke nan abin da ya ce."

Ya shiga gida ya kawo ruwan a kofin silba, ya durƙusa ya miƙo mini. Na sa hannuna na dama, lafiyayye, da yatsunsa biyar, na karɓa na sha.